Daddawa a Bakin Get

Ashafa ya dire kejin ɓeraye a bakin get ɗin kamfanin fatu na Challawa, daidai lokacin da jiniya ta yi kuka, masu aikin safe suna fita, na yamma suna shirin shiga.

"Ka kwashe ƙazantar nan," in ji manaja, Alhaji Uba, "ko gobe ka nemi wani aikin."

Ashafa ko kallonsa bai yi ba. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jiƙa fatu a ruwan magani, har hancinsa ya mutu murus. Watan jiya tabarma ta kama wuta 'yarsa na barci a kai, yana zaune a ƙofar ɗaki, bai ji ƙauri ba sai da ta tsala ihu. Ya kai kuka ofis, aka ce mura ce. Mura! Wace irin mura ce take shekara da shekaru?

Dakta Hannatu, malamar jami'a mai bincike a kan hancin ɓeraye, ta jona na'urarta da batirin mota. Ɓerayen biyu ne, kowanne da siririyar waya a ka.

"In wari ya kai ƙwaƙwalwa, allurar nan za ta zana shi a takarda," ta ce wa ma'aikatan. "Kowane wari da irin zanensa."

Ta kanga wa na farko daddawa. Allura ta hau rawa kamar ta ɓalle. Ta kanga wa na biyu, wanda Ashafa ya ɓoye a ɗakin jiƙa fatu tun damina. Allura ta ja layi miƙe sambal.

Manaja ya ƙyalƙyale da dariya. "To, sai me? Ɓera ne zai yi maka shaida a kotu?"

Ran Ashafa ya ɓaci. Ya fizgi daddawar, ya miƙa wa Baffa, dattijon da ya koya masa aiki. "Baba, ku shinshina."

Baffa ya shaƙa, ya girgiza kai. Ayuba, wani abokin aikinsu, ya karɓa, ya shaƙa, ya sake shaƙa, idonsa ya kaɗa. Haka daddawar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, har ta iso kusa da manaja. Nan da nan ya zaro hankici ya danne fuska.

"Alhaji," in ji Ashafa, "duk taron nan ku kaɗai kuka toshe hanci."

Jiniya ta sake kuka. Babu wanda ya shiga.