Wayar da Yekini Ya Ƙara

Yekini mai gyaran keken caji a Sabon Gari ya gane Goni, wani matuƙin keken caji, tun daga nesa. Shi ne wanda ba ya kama birki a lungunan Fagge, sai dai ya danna hon. Haka kwanakin baya ya banke Iya Basirat, mahaifiyar Yekini, ya wuce ko waiwaye babu.

"Malam, haɗa mini makunnin da zai kashe inji in na kama birki," in ji Goni, bai san ɗan matar da ya banke ba ne.

Yekini ya haɗa masa da maɓallin ƙofar tsohon firji. Sannan ya ƙara waya ɗaya zuwa hon.

Tun ranar, Goni na danna hon inji zai ɗauke. Yanzu a hankali yake wucewa ta ƙofar Iya Basirat, har da gaisuwa. Ba ta amsawa.