Ƙaryar da Ta Yi wa Matar Yaya

Shekara goma sha ɗaya ita ke share cocin. Kowace Asabar da safe za ta zo da tsintsiya da bokiti, ta goge benci ɗaya-ɗaya, ta wanke ƙananan kofunan Jibin Ubangiji. Amma ran Lahadi in aka miƙo mata kofi, sai ta sunkuyar da kai ta miƙa wa na kusa da ita.

Matar fasto ce ta lura. Wata Asabar ta tarar da ita durƙushe tana dirzar daɓe.

"'Yar'uwa, ki bar wa simintin nan fatarsa mana," ta ce tana dariya. Sai ta zauna kusa da ita. "Me ke hana ki cin Jibi?"

Mai sharar ta matse tsumma, ta ce:

"Mama, ni na kashe auren yayana. Matarsa ba ta yi mini komai ba, haushi kawai nake ji ta janye shi daga gare mu. Na ce masa na gan ta da wani. Ƙarya ce. Ya kore ta da goyo. Bayan shekara biyu ta rasu a gidan iyayenta, ban je na nemi gafara ba. Yanzu wa zan roƙa?"

"Shi ya sa kike wannan dirza?"

"Na ce ko Allah zai dubi wahalata."

"Ko hannunki zai ƙare a daɓen nan, ba zai tsarkake ki ba. Yesu ya riga ya ɗauki ƙaryar nan a kan gicciye. Ceto kyauta ne, naki ki tuba ki karɓa. Amma yayanki yana da rai, kuma ya kamata ya san gaskiya."

Nan suka durƙusa, mai sharar ta yi kuka har muryarta ta dishe. Washegari ta ci Jibi.

Ran Litinin ta tafi gidan yayan. Yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, 'yarsa ce ke jinyarsa, wadda aka kora a goye. A gabansu ta faɗi komai, ba ta rage ba.

"Yaya, ka yafe mini."

Ya dube ta, hawaye na gangara cikin kunnensa. Da ƙyar bakinsa ya motsa.

"Fita."

Ta koma sau huɗu, kowane zuwa sai ya juya fuska bango. Wata uku bayan haka ya rasu.

A makabarta ta tsaya can baya ita kaɗai. Da mutane suka fara watsewa, 'yar ta tako ta tsaya gefenta, ba ta kalle ta ba.

"Gwaggo, ni ma ban iya yafe miki ba tukuna," ta ce. "Amma na fara roƙon Allah ya ba ni ƙarfin yi."