Igiyar Rago a Ƙuguna

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah labarin ya iso ni, kuma ba daga bakin mai shi ba. Yelwa ce ta kawo min, maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu tun muna amare. Ita a wurin mai kitso ta ji, mai kitso kuma ta ji daga matar ɗana. Kan da ke hannun mai kitso ai bakinsa ba ya rufuwa.

"Bara'atu, bana fa ba ki da sallah," in ji Yelwa, ta ɗora haɓa a kan katanga. "A sabon gida za a yanka. Har katifa an saya miki."

Ɗana na fari shi ne Muttaka. Rubutawa na yi, ban kira ba, kada wata ta ce tsohuwa ta zubar da kunya. A baki Babba nake ce masa. Ya gina gida a sabuwar unguwa, can hanyar Malam Madori, ko'ina tayil, ga furanni da ba a miya da su. Tun shekarar da kogi ya cika ya shigo mana tsakar gida, ya kwantar da ɗakin girki, maganarsa ɗaya ce: in tattara in koma wurinsa, a sayar da nan. Na ce a'a da safe, na ce a'a da yamma. Da ya ga haka sai ya biyo ta bayan gida. A zuriyarmu inda aka yanka layya nan ake taruwa, 'ya'yana mata su zo daga Birniwa da Miga da tulin jikoki. In aka taru can bana, za a ce Inna dare ya yi, ki kwana. Gobe a ce ki ƙara hutawa. Kafin in farga an kai tukwanena, wani ya liƙa sabuwar ƙofa a gidan da na aurar da 'ya'ya.

To me zan yi a can? Nan da asuba mai ƙosai tana ƙofata. Masu kifi in sun taso daga kogi ta gabana suke bi, in zaɓi tarwaɗa tana motsi. Ba a saki ba, ba a yi kome ba, ba a haihu ba a unguwar nan sai na sani kafin azahar. A can fa? Katanga ta fi raƙumi tsawo. Mutum ya mutu maƙwabcinsa sai a waya zai gani.

Sai dai Babba, duk da wayonsa, ya yi kuskure ɗaya. Ragon layyar a wurina ya ajiye shi tun yana ƙarami, don gidan tayil ba ya son kashin dabba. Ni na ba shi dusa da harawa, ni nake sayo masa ciyawar fadama, har ya zama ƙato fari mai wuya kamar turmi. Ciyaman nake kiransa, don ba ya gaida kowa sai mai ba shi abinci.

Ranar sallah na yi wanka, na ɗaura sabuwar atamfa, na sa tozali. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida daidai ƙofar zaure, inda mai wucewa zai hango. Na kwance igiyar Ciyaman daga turke, na zagaya ta a ƙuguna, na yi mata ƙulli irin na masu kwale-kwale. Na zauna ina jan carbi, shi yana tuƙa.

Ana saukowa daga idi sai ga Babba cikin shadda tana ƙara, bayansa ƙaninsa Auta, a waje kuma a-kori-kura tana jiran rago.

"Inna, barka da sallah. Mun zo ɗaukar..." Sai idonsa ya sauka a kan igiyar da ke ƙuguna.

"Barkanmu dai. Ɗauki mana. Amma mu biyu ne, ka ce wa direba ya shimfiɗa buhu."

"Inna, mene ne haka?"

"Rago ne da uwarka."

Auta ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa. Babba ya daka masa tsawa, ya ce ya kawo wuƙa a yanke igiyar.

"Yaya, ni in kai wuƙa kusa da ƙugun Inna ranar sallah? Wallahi ina son gamawa lafiya."

Babba ya tattare hannun riga, ya nufi wuyan ragon zai kwance ta can. Ciyaman ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, ya kankare ƙasa da ƙafa. Babba ma ya ja da baya, har ya fi ragon sauri. Sai ya kama tsakiyar igiyar.

"Ja," na ce masa. "Ja da kyau. A ce Alhaji ya jawo uwarsa a ƙasa har titi. Ga shaidu nan."

Shaidu kuwa sun cika zaure, don tun jiya na gaya wa Yelwa wata magana na ce kada ta faɗa wa kowa. Ya saki igiyar kamar ta ƙona shi.

Abin da na dogara da shi kuwa cikinsa ne. Babba ya gaji ubansa, ranar layya ba ya sa komai a baki, ko ruwan koko, sai hantar ragonsa. Liman ya yanka tuni, unguwa ta yanka. Rana ta fara dukan ƙeya. Can sai ƙamshin hanta a kan garwashi ya tsallako katanga daga gidan Yelwa, kuma na rantse da mafici take koro shi. Na ga maƙogwaron ɗana ya hau ya sauka.

Ya durƙusa a gefen tabarma, ya yi ƙasa da murya don kada zaure ya ji.

"Inna, ke kina ganin gidan nake so? A kwale-kwale na zo na fitar da ke, ruwa har ƙirjina. Yanzu ko hadari ya haɗu ba na iya cin abinci. Ga damina ta kama."

Wannan ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Na tuna fuskarsa a ranar. Amma in ka bar tausayi ya riƙe maka igiya, sai ka farka a ɗakin baƙi.

"Na ji, Babba. Allah ya yi maka albarka. In ruwa ya zo, ba sai ka nemo kwale-kwale ba. Ranar da aka ce kogi ya taɓa bakin jingar da ke tare ruwa, da ƙafata zan zo gidanka, ni da kajina, su yi maka ado a tayil. In ya janye in dawo. Ni da kogin nan mun san juna tun ba a haife ka ba, yana zuwa yana komawa. Amma ba za a ɗauke ni kamar buhun shinkafa a jingine a lungu ba. Rago kuma da ƙafarsa ya shigo gidan nan, a kwano zai fita."

Muna haka sai ga matar Babba, Bushira, ta ratso mutane, ta durƙusa ta gaishe ni, ta dubi igiya, ta dubi mijinta. Ko gezau.

"Alhaji, ni fa dama jinin nan a kan tayil yana damuna. Ga ƙudaje. Kuma wainar da na soya tana bayan mota, da miyar taushe, kada su huce."

"A mota? Wa ya ce ki zuba su a mota?"

"Cewa na yi ko da wani abu."

Na kalle ta, ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Sai a lokacin na gane yarinyar nan ba subutar baki ta yi a wurin kitso ba. Aike ta yi.

Babba ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. "Auta, sallami mai motar nan. Ka kira Sa'idu mahauci."

Ban kwance ba sai da na ga an haƙa rami a gindin darbejiya, inda ubansu yake yankawa. Ni na riƙe Ciyaman har aka kwantar da shi, sannan na shige ɗaki. Wai Auta ya ce ya ga ina share ido. Hayaƙin Yelwa ne.

Kafin la'asar gida ya cika. 'Yan Birniwa suka iso, 'yan Miga suka iso da surukai da jarirai, takalma a ƙofar ɗakina kamar masallacin Juma'a. Aka banƙare rago a jikin wuta, aka ɗora kayan ciki a babbar tukunya. Na tuƙa tuwon sabuwar shinkafa, na jefa busasshen kifi a miyar Bushira don ta san a bakin kogi take. Jikoki maza suna ta "matata, ina goron sallata", ina cewa miji da ba ya cefane ba shi da goro. Kwanuka suna fita maƙwabta suna dawowa da wani abin. Yelwa ta shigo da nata kwanon, ta zauna kusa da ni, muka bi matan gidan ɗaya bayan ɗaya da ido. Biyu muka gano suna da ciki, ɗaya ko mijinta bai sani ba tukuna.

Babba ya ci hantarsa a kan tabarmar da na yi zaman igiya, ya ci waina, ya ƙara. Da zai tafi ya tsaya a zaure yana neman takalminsa a cikin na yara.

"Inna, maganar jinga fa alkawari ce."

"Na faɗa a gaban rago, ai ba ta tashi."

Ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya. "Bayan sallah zan sa a kawo ɗan rago na baɗi. Amma don Allah a samo marar faɗa."

"Wannan kuma tarbiyya ce, ba a saye. Ka haɗo da dusa."