Hayar Jirage Uku Zuwa Jidda

Matata Hadiyya tana da kamfanin jiragen sama. A cikin waya yake, wasa ne, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabanta. Shekara biyu ta yi tana gina shi: jirage tara, shida nata na kanta, uku na haya, suna kai da kawo tsakanin Kano, Abuja, Yamai da Legas. Ni kuwa dillalin tumaki ne a kasuwar Daura, kuma na sha yi mata tsiya cewa duk wannan arzikin nata ba zai sayi kaza ba.

Da cikinta ya tsufa sai aka zo aka tafi da ita gida, garinsu Babban Mutum, tunda haihuwar fari ce. A gidansu sai an fita bakin titi ake samun sabis, don haka ta saka mini wasan a wayata. Ta ce in riƙa biyan haya kowace safiya, in kai jirgi gyara idan ya nuna ja, kada in taɓa komai bayan wannan. Na ce ai wanda ya iya da raguna ɗari ba zai kasa jirage tara ba.

Kwana goma ina bin umarni. Sai na lura kuɗi sun taru a asusun kamfanin, ni kuma ba abin da ke ba ni haushi kamar kuɗin da ke kwance. A lokacin maniyyata sun fara bita, gari ya ɗauki zancen tafiya. A sana'armu wanda ya riga kowa ganin lokaci shi ke cin kasuwa, shi ya sa muke tara raguna tun Layya na nesa. Na ce wannan baiwar Allah tana ta fama da 'yan Abuja, ga Hajji ya ƙarato ba ta gani ba. Na ɗauko hayar manyan jirage uku, kowanne mai kujera ɗari huɗu, na ɗora su Kano zuwa Jidda. Takardar sharuɗɗan ma ban karanta ba, na danna kawai.

Ashe wasan bai san Hajji ba. Wanda ya ƙirƙiro shi bai saka Zulhajji a ciki ba, duk watanninsa ɗaya ne. Jiragena suka riƙa tashi da mutum sittin sittin, ga mai, ga albashin ma'aikata, ga kuɗin sauka. Na ajiye su a ƙasa don su huta, haya ba ta huta ba. Na ce to a mayar wa masu su, sai aka nuna mini na sa hannu ne a kan shekara biyar ta wasan, kuma fasawa tana da tara mai nauyi. Asusu ya koma ja. Saƙo ya fito cewa in ya kwana bakwai a haka za a rufe kamfanin ɗungurungum.

Gaskiya na tsorata. Ranar kasuwa guda na yi zaune a gindin bishiyar bedi ina danna waya, masu saye suna wuce ni. Daga ƙarshe na yi abin da na iya: na fara sayar da nata, daga mafi tsufa, yadda ake rage tsofaffin tumaki daga garke. Huɗu na sayar kafin na biya tarar na rabu da manyan. Kamfani ya tsira da jirage biyar.

Bayan Babbar Sallah da kwana biyu Hadiyya ta haifi mace. Washegarin suna, da gwaggonta ta fita duba ruwan wanka, na faɗa wa Hadiyya komai. Ba ta yi faɗa ba, har ta ɗan yi dariya a kan zancen Hajjin. Ta karɓi wayar tana duba jerin jiragen, sai na ga yatsanta ya tsaya.

"Malam, ina ƙaramin nan mai farfela?"

Na ce shi na fara sayarwa, don ya fi kowanne tsufa da cin kuɗin gyara.

"Na san yana ci," in ji ta. "Shi na fara saya, ina gadon asibiti, satin da na yi ɓari. Kana kasuwa, ni kuma na rasa abin da zan yi da hannuwana."

Na tuna satin sarai. Duk sanda na leƙo da yamma na same ta da waya, na ɗauka hira take da ƙawayenta, har na ji daɗi wai ta warware da wuri. Ban taɓa tambaya ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Na ce ko nawa ne a dawo da shi zan saka kuɗin gaske. Ta ce abin da aka sayar a wasan ba ya dawowa. Ta miƙo mini jaririyar, ta goge wasan daga wayata da hannunta, sannan ta tambaye ni ko an ba ni abinci.