Bayan Tafi

"Wallahi Mama mutanen nan ba su kyauta min ba. An ce sai da yamma, yanzu kuma wai ni ce ta farko."

Na ce wa Auta ta bar yarfe hannu ta gyara ɗankwalinta. Wai wanda zai fara ne bai samu biza ba, shi ne aka jawo ta gaba. Maigida kuwa, jikana ɗan wata huɗu, yana ta barci a bayana, rabonsa da nono tun asuba. Na sauke shi, ta ba shi, ya kama ya saki ya ci gaba da barcinsa. Wata mata mai kati a wuya ta leƙo tana nuna agogo.

Saboda jaririn nan aka sako ni a jirgi. Shekara da shekaru 'yar nan tana bin tarihin rijiyoyin da fatake suka haƙa a hanyar ayari, tun zamanin da ba bindiga ba mota. Rijiyar gidanmu kuwa ko guga ba ta taɓa jefawa ba. Aka gayyace ta taron masana tarihin zamanin da a wata ƙasa, mijinta bai samu hutu ba, Maigida kuma ba ya shan fida. Abin da ya kawo ta na gaske wata tsohuwar Farfesa ce mai sanda da guntun farin gashi. Mutum ɗaya take ɗauka a shekara su yi aiki tare, kuma yau za ta saurari Auta.

"Kar ki bari in ji kukansa, Mama. In na ji, rigata jiƙewa za ta yi. Sai an gama."

Na ce ta je, Allah ya ba da sa'a.

Ana rufe ƙofa ya buɗe ido. Na ce haba Maigida, ka rufa wa matarka asiri mana. Ina! Ya fara da ƙananan kuka, na goya shi na kama zirga-zirga. Doguwar baranda ce mai kafet, ƙofofi iri ɗaya, ko'ina wani na magana a ciki. In je wurin teburin shayi, in dawo wurin lif, in sake komawa. Na ba shi yatsa ya tsotsa ya tofar. Na shiga banɗaki da shi don kar a ji, injin busar da hannu ya tashi da kansa, yaro ya ƙwalla ƙara. Na fito ina salati. Ba addu'ar da na sani da ban tofa masa ba.

Na leƙa ta ɗan gilashin ƙofa. Ga Auta tana nuna taswira a bango, muryarta ba rawa, Farfesa a layin gaba tana rubutu. Na ce Alhamdulillahi, na gudu can ƙarshen baranda. Kuka ya koma shiɗewa, kansa duk gumi.

Sai na ji tafi.

Ni a sanina in an tafa an gama. Na tura ƙofa na ratsa tsakiyar kujeru da yaro yana tsala ihu. Ba wanda ya tashi. Hannun Farfesa na sama, ta buɗe baki za ta yi magana. Auta ta dube ni, ta manna takardunta a ƙirji.

"Saura tambayoyi, Mama," ta ce ƙasa-ƙasa. "Su ne komai."

Na juya zan fita, amma Maigida ya riga ya ji muryar uwarsa, yana banƙarewa kamar zai faɗo. Shugaban zaman ya faɗi wani abu aka yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba, ya kira na gaba. Farfesa ta sauke hannunta.

A bayan wani ginshiƙi muka samu kujera. Auta ta lulluɓe shi da mayafi, yana zuƙa yana ajiyar zuciya. Ta kau da kai daga gare ni tana gyara masa mayafin. Da na matsa mata ta ce Farfesa ba ta ɗaukar mutum sai ta yi masa tambaya ta ji amsa, kuma daga nan filin jirgi za ta wuce.

Ba a jima ba na ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda. Ga Farfesa ta nufi lif da jaka a kafaɗa. Auta ta ce in zauna don Allah. Ban zauna ba. Na sha gabanta na riƙe igiyar jakar, na nuna mata ginshiƙin, na ɗaga hannu sama yadda ta yi ɗazu. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Ta kalli agogo, ta kalli ƙafar Maigida da ta leƙo daga mayafi. Lif ya buɗe a bayana.

"Baiwar Allah," na ce, "ke ma dai wata ce ta shayar da ke. Ki bari ya ƙoshi, ki zo ki yi mata tambayarki."