Laka Ce, Wendell

"Riƙe shi ta hammata, ba ta hannu ba," in ji Ozella. "Ba buhun masara ba ne."

"Buhun masara ya fi ni nauyi yanzu," in ji mijinta, Baba Delmer.

Wendell ya sungume shi daga kujerar a-kori-kura, ya taka cikin ruwa har ƙauri, ya zaunar da shi a kwale-kwale. Gaskiyar tsohon ce. Shekara goma sha biyu suna maƙwabtaka, shingen waya kawai tsakaninsu, kuma Wendell ya san shi yana saɓa injin jirgi a kafaɗa shi kaɗai. Yau kamar damin kara ya ɗauka. Ozella ta miƙo silindar iskar numfashi, da bargo biyu, da flas ɗin kofi.

"Awa biyu," ta ce wa Wendell. "Ka ga leɓensa ya fara shuɗi, ka juyo, ko da zagin ka yake."

"Je ki zauna a mota, tsohuwa. Kina kore mini kifi."

Ranar Litinin nas ɗin da ke zuwa duba shi ta ja Wendell gefe ta ce mako ɗaya, ƙila biyu. Huhun ya gama. Baba Delmer bai nemi fasto ba. Abu guda ya nema, ya ƙara jin ƙaramin-baki, kifin da ya ƙare rayuwarsa yana bi, ya fizgi zarensa sau ɗaya. To amma tsakiyar Maris ce, hunturu ya ƙi sakin Tennessee, ruwan dam ɗin digiri arba'in da huɗu a ma'aunin Amurka, sanyi kamar ƙanƙara. Sai ya doshi hamsin kifin ke hawowa gaɓa. Yanzu yana can ƙasa a dunƙule wuri guda, wanda bai san wurin ba sai ya wuni yana wanke koto.

Baba Delmer ya san wurin, kuma duk garin an san ya sani. Shekara hamsin yana fita cikin irin wannan sanyi ya dawo da kifi, masu na'urar neman kifi su dawo hannu Rabbana. In wani jirgi ya doso shi, sai ya matsa can gefe ya yi kamar yana gyangyaɗi. Ko Wendell bai taɓa kaiwa ba.

Da suka kai tsakiyar ruwa tsohon ya ɗaga hannu. Wendell ya kashe inji.

"Abin da zan faɗa maka, in Burl mai shagon koto ya ji, fatalwata za ta hana ka sakat."

"Na ji, Baba."

"Idona ba ya wuce hancin jirgin nan, kai za ka duba. Busasshiyar bishiyar da ke kan dutsen can, sa ta daidai ƙeyarka. Sai ka dubi gabas, ka yi ta matsawa har jan rufin rumbun Hoskins ya shiga giɓin tuddan nan biyu." Ya tsaya ya ja iska. "Nan tsohuwar hanyar ƙauyenmu take, kafin su toshe kogin. Zurfin ƙafa ashirin da biyu. Tsakuwa zalla, a kanta kifin yake kwanciya. Ubana ya zuba ta da alfadari."

Wendell ya dubi gabas. Giɓin yana nan. Rumbun kuwa tun Oktoba aka rushe shi, an jera sababbin gidajen hutu uku masu manyan gilasai a kan tudun. Shi da kansa ya kwashi jan kwanon a motarsa ya kai wa 'yan gwangwan, sahu huɗu, yana fito.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi, Baba."

Ya tura jirgin a hankali, yana ƙoƙarin tuno inda ya ajiye mota ranar. Kusa da gida na tsakiya ne, ko na hagu? Ya zaɓi na tsakiya ya tsaya.

Baba Delmer ya zaro hannu daga bargo ya karɓi sandar fatsa. Koton na gashin barewa ne, shi ya ɗaura abinsa. Ya sake shi ya nutse, ya ɗora yatsa a kan zaren, ya rufe ido. Ya ɗaga kaɗan, ya saki. Ya sake ɗagawa.

"Laka ce, Wendell."

"Iska ce ta ture mu. Bari in gyara."

Ya matsa hagu. Laka. Ya matsa gaba. Laka, da wani ruɓaɓɓen reshe da ya cinye musu koto ɗaya. Wendell ne ya ɗaura sabo, don yatsun tsohon sun daina lanƙwasa. Ya zuba masa kofi a murfin flas, rabi ya ƙare a bargo. Awa guda ta wuce suna zagaye, ba abin da ake ji sai hucin silindar da ruwa yana marin gefen jirgi.

"Sun rushe shi ko?" in ji Baba Delmer, idonsa a rufe.

Wendell ya dubi tafin hannunsa. "Tun Oktoba."

"Har da kai?"

"Ni na kwashi kwanon."

Tsohon ya fara dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya ƙi ƙarewa. Wendell ya dafe masa baya har ya lafa.

"Shashasha," ya ce. "Da ka bar mini ko falle ɗaya a kan sanda."

"Da ka gaya mini bara, da na kafa tuta a wurin."

"Da na gaya maka bara, da Burl yana sayar da taswirar a shago."

Wendell ya ciro waya daga aljihu. "Bari in kira shi, Baba. Yana da na'urar duba ƙasan ruwa. Minti goma zai gano hanyar nan, ka kama kifinka mu tafi gida."

"Mayar da ita."

"Baba, mene ne amfanin..."

"Na ce mayar da ita. Ka kira Burl, ni kuma in mirgina cikin ruwan nan da silindata, ka je ka yi wa Ozella bayani."

Wendell ya riƙe wayar yana kallon sunan Burl. Kira ɗaya ne, kuma tsohon ba shi da ƙarfin hana shi. Ya daɗe a haka, sannan ya mayar da ita aljihu.

Suka gwada wuri uku kuma. A na ukun sandar Baba Delmer ta sunkuya har bakinta ya taɓa ruwa. Wendell ya zaci kifi ne. Hannun ne ya gaji. Leɓen ya yi shuɗi. Wendell ya naɗe zaren ya tayar da inji, kuma ba a zage shi ba.

Ozella tana tsaye a bakin ruwa ta harɗe hannu. Ta dubi mijinta, ta dubi Wendell. Wendell ya girgiza kai. Ta karɓi bargunan ta shiga ninkewa.

Ranar Juma'a da hantsi Wendell yana canza wa motarsa taya, Ozella ta fito ta tsaya a bakin shinge. Ta ce Baba Delmer ya ci cokali biyu na wake da gutsuren burodin masara, ya ce gishiri ya yi kaɗan, ta je kicin ɗaukowa. Kafin ta dawo ya cika.

Ranar Asabar iska ta juya daga kudu, aka yi kwana uku ana rana, ruwa ya yi ɗumi, kifi ya hawo gaɓa.

Talata aka kai shi. Wendell ne ke tuƙa Ozella, suna bin motar gawa daga coci, ta hanyar da ta sauko daga dam. A gangaren gada suka tarar da masu dawowa daga ruwa sun sauka gefen titi, kamar yadda ake yi wa kowace gawa. A-kori-kura bakwai ko takwas a jere, kowace da jirginta a baya. Burl yana tsaye a jikin ta farko, hularsa a ƙirji, rana ta ƙona masa goshi. Wendell ya rage gudu. Ruwa yana ta ɗiga daga jiragen a kan kwalta.