Yadda Aka Sa Attahiru Gudu

A shekarar da gwamnatin farar hula ta ce kowa ya tsuke bakin aljihunsa, Malam Bashiru ne malamin wasanni a wata firamare da ke Boɗinga. Mutum ne dogo siriri kamar karan dawa, usur ɗinsa a wuya ko da masallaci za shi. Albashi ya daɗe bai leƙo ba, sabulu da madara sun ɓace a kasuwa, gero ya yi tashin gwauron zabo. Yaran makarantar kuwa, in iska ta manna musu riga a jiki, sai ka ga haƙarƙari a jere. Duk haka suke, ban da mutum ɗaya.

Sunansa Attahiru, ɗan Alhaji Ɗantani ɗan kwangila, wanda shinkafar waje ba ta yankewa a sitonsa ko ta yanke a Sakkwato. Shekarun yaron goma, amma bencin da yara uku ke zama shi kaɗai yake cikawa. Tsakanin gidansu da makaranta, in an yi tari a can ana ji a nan, duk da haka a Fijo ake kawo shi. Da an fita tara sauran yara su ruga fili, shi kuwa ya zauna gindin dogonyaro ya kwance ƙunshinsa: burodi da bota, ƙwai, soyayyen nama, da kwalbar lemo. Yaro ne mai kirki, yana rabawa. Sai dai ba ya rabawa sai ya ƙoshi, ƙoshinsa kuwa tafiya ce mai nisa.

Wata rana Hawwa'u, ma'aikaciyar lafiya da ke zagaya makarantu, ta zo yi wa yara rigakafi. Da ta gama sai ta ja Malam Bashiru gefe.

Ta ce, "Malam, yaron ga ko dakali ya hau sai ya yi haki. Ya ce mani gwiwoyinshi na ciwo. In anka bar shi haka, kafin shi yi gemu hawan jini ko ciwon suga na jiran shi. Maganin ba shi cikin kwalba. A rage mashi zaƙi da maiƙo, kuma shi motsa jiki. Wannan kam hannunka yake."

Malam Bashiru ya ji abin har cikin ransa, don yana son yaron. Ya tafi ofishin hedimasta, Malam Musa, ya ce yana so ya riƙa ware Attahiru da safe yana sa shi gudu.

Malam Musa ya cire tabarau ya dube shi. "Ka san wa ya sa ma makarantar ga kwanon rufi? Ka ware ɗan Alhaji gaban jama'a ka ce ya yi ƙiba, jibi ka ji an maida ka ƙauyen da ko jaki ba ya son zuwa."

"To ranka shi daɗe, mi za ni yi?"

"Sa kowa gudu. Mutuwar yawa kaka ce."

Haka aka yi. Kullum da safe Malam Bashiru ya busa usur, makaranta duka ta zuba a fili. Ramammun yara su wuce kamar zabi, Attahiru na can baya yana tafe kamar an ɗora wa raƙumi gishiri. Bayansa kuma direban gidansu ne, Na'Allah, yana bin sa a hankali cikin Fijo da ƙofa a buɗe, ko da yaron zai buƙata. Yakan buƙata kuwa, tun kafin a kai kwanar farko. Sai da Malam Bashiru ya roƙi Na'Allah don girman Allah, sannan ya yarda ya riƙa tsayawa a bakin hanya.

Ba a yi nisa ba iyayen yara suka zo. Wanda ya yi magana da yawunsu shi ne Abu, manomin albasa, kuma ko zama bai yi ba.

Ya ce, "Malam, mun zaka mu ji ko wa ka bin ɗiyanmu da sunka kama gudu haka. Da, yaron nawa malmala guda shika ci shi tashi. Tun da kunka hwara wanga abu, ko ƙanzo bai bar ma uwatai. Jiya rabon ƙanwatai ya haɗa da shi. Kun san yadda hatsi yake yanzu? In gudun dole na, ku ba ni shi shi kore mani tsuntsaye a gona, ko banza na ga amhwaninai."

Malam Bashiru ya yi bayanin jini da zuciya da huhu. Abu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi dai tukunya ya sani. Aka rabu a kan za a rage zagayen.

Washegari babbar rigimar ta iso. Hajjo ce, kakar Attahiru, 'yar tsohuwa ƙarama mai kaifin ido, wadda ko Alhaji Ɗantani sai ya cire takalmi yake shiga ɗakinta.

"Kai na mai busar?"

"Ni ne, Inna. Ina kwana?"

Ta dube shi daga hula har takalmi. "Lahiya lau. Kai da in iska ta taso sai an ɗaure ka ga icce, kai za ka gaya mani lahiyar jiki? Yaro, na ga shekarun hwari. Na ga ɗiyan da anka riƙa ɗauka da hannu guda, wasu ba su kai damina ba. Ran nan na roƙi Allah, in ya ba ni jika, in gan shi da nama. Wanga jiki ni na gina shi loma-loma. Ba ka zuwa rana guda ka rushe mani shi da usur."

Maganar ta taɓa Malam Bashiru. Ya dai ce likita ce ta faɗa. Hajjo ta ce likitar ta zo ta same ta.

Ba ta hana gudun ba. Abin da ta yi ya fi hanawa. Kullum sai ta zo da tabarma ta shimfiɗa a gefen fili, ta ajiye ƙwaryar fura mai kauri da nono da zuma. Duk lokacin da Attahiru ya zagayo, sai ya tsaya ya sha ludayi biyu don kada ƙarfinsa ya ƙare. Da Hawwa'u ta dawo ta ɗora shi a sikeli, ta daɗe tana duban allurar sikelin.

Ta ce, "Malam, gudu kaka sa shi ko kiwo?"

Ana cikin haka aka shirya gasar wasanni tsakanin makarantarsu da wata ta Shagari. Malam Bashiru ya yi tunani, ya ga cewa yaron nan bai taɓa jin daɗin fili ba, kullum shi ne na baya, kullum shi ake wa dariya. Sai ya sa jan igiya cikin wasannin, ya ce Attahiru ne zai riƙe gindin igiya. Alhaji Ɗantani ya ji ɗansa zai wakilci gari, nan take ya ba da akori-kura. Hajjo ta shige gaba da ƙwaryarta a cinya.

A Shagari aka ci su gudu, aka ci su tsalle, aka ci su tseren buhu. Malam Musa ya koma bayan rumfa kamar ba tare suke ba. Sannan aka zo jan igiya. Aka ɗaura wa Attahiru igiyar a ƙugu, alƙalin wasa ya busa, 'yan Shagari suka ja da ƙarfinsu duka. Attahiru ya ji abin ya fara damunsa, sai kawai ya zauna. Shi ke nan. Suka ja, suka yi nishi, suka kira sunayen kakanninsu, ƙafafunsu suka haƙa rami a ƙasa, amma kamar sun ɗaura wa kuka. Da suka gaji, 'yan Boɗinga suka fizge su suka zube a kan juna.

Fili ya kaure da ihu. Abokan Attahiru suka taru za su ɗaga shi sama, suka gwada ta nan, suka gwada ta can, daga ƙarshe suka haƙura suka ɗaga hularsa suka zagaya da ita. Aka miƙa masa kyautar ƙwallo sabuwa fil. Ya rungume ta yana murmushi har kunne, don duk abin da ya mallaka a duniya ba shi aka yi, wannan ce kaɗai ya ciwo da kansa.

Malam Musa ya fito daga bayan rumfa ya kama hannun Malam Bashiru. "Ka ji ko, maganar gudun nan a bar ta. Kada ka rame mana shi kafin baɗi."

Malam Bashiru ya ji kamar ya haɗiye usur ɗinsa. Garin neman gira ya rasa ido.

Bai gama baƙin cikin ba sai ga wani ɗan ƙaramin yaro daga cikin waɗanda aka kayar, Husaini, ɗan garin Kajiji, ƙafafu kamar tsinken tsire. Ya tsaya gaban Attahiru yana kaɗe ƙasa daga gwiwa.

Ya ce, "Kai mi ka yi? Zama ka yi. Buhun gero ma shina iyawa." Kafin a ankara ya doke ƙwallon daga hannunsa, ya tare ta da ƙafa. "In taka ce, taho ka amsa."

Abin da usur ya kasa, abin da likita ta kasa, shi ya faru a nan. Attahiru ya zabura. Malam Bashiru bai taɓa ganin ƙafafun yaron biyu sun bar ƙasa lokaci guda ba sai ran nan. Husaini ya yi dama, ya yi hagu, ya tsaya har sai Attahiru ya miƙo hannu, sannan ya zille. Suka zagaya rumfa, suka ratsa masu tallar gyaɗa. Can numfashin Attahiru ya ƙare, ƙafarsa ta harɗe, ya kife a gaban manyan baƙi. Jama'a suka fashe da dariya. Husaini ya gangaro masa da ƙwallon a hankali har ta taɓa kansa, ya yi tafiyarsa.

Malam Bashiru ya ruga ya ɗaga shi. Yaron bai ji ciwo ba, amma ƙirjinsa na hawa da sauka, kuma ya daɗe kafin ya iya magana. Da Malam ya ɗago kai sai ya ga Hajjo tsaye a kansu. Ba ta yi faɗa ba. Ta tsura wa ƙirjin yaron ido, sannan ta dubi inda Husaini ya bi.

A hanyar komawa babu wanda ya yi waƙa. Aka kwance ƙunshin nama, Attahiru ya kau da kai. Sai da suka kusa Boɗinga Hajjo ta leƙo ta taga ta kira Malam Bashiru da ke zaune a baya.

"Kai mai busa! Wancan abu mai kama da sauro, ana iya kama shi?"

"Ana iyawa, Inna. Amma ba da hura da zuma ba."

Mota na ta tsalle a ramuka. Can Hajjo ta ce, "Gobe ka zo da wuri."

Da safe Malam Bashiru ya tarar Hajjo da Attahiru sun riga shi zuwa fili. A ƙasa suka zo. Hajjo ba ta kawo tabarma ba, butar ruwa ce a hannunta da 'yar tsumagiya, wadda ba ta taɓa dukan kowa da ita ba amma tana iya nuni. Ta zama ta fi Malam tsanani. In ya ce ya isa haka, sai ta ce, "Ɗan Kajiji na can bai zauna ba." A gida ta hana lemo, ta maida burodi da bota na ranar Juma'a, ta ce daga yau shi zai riƙa kai wa tumaki dusa da ruwa. Alhaji Ɗantani ya zo zai sa baki, ta tambaye shi shi ma yaushe rabonsa da ganin yatsun ƙafarsa. Ya sa takalminsa ya fita. Abokan Attahiru kuma, da yake ƙwallon tasa ce, sai suka riƙa biyo shi gida da yamma, tun yana tsaron raga har ya fara fitowa tsakiya.

Bai zama siriri ba, don ba ƙirarsa ba ce. Amma haki ya tafi, gwiwa ta daina ciwo, barcin aji ya ragu, har aka samu wurin da wani yaro zai raɓa a bencinsa.

Shekara ta zagayo, sojoji suka karɓi mulki, kwangila ta tsaya, aka koma Shagari a motar haya. Aka ci Boɗinga a jan igiya cikin ƙiftawar ido, Malam Musa ya yi mako ba ya amsa gaisuwar Malam Bashiru da kyau. Amma Attahiru da bakinsa ya ce a sa shi a tsere. Husaini ya zo na ɗaya, har ya sha ruwa ya goge baki. Attahiru ya zo na biyun ƙarshe, da ƙafafunsa, bai tsaya ba, bai faɗi ba. Hajjo ta miƙe ta rangaɗa guɗa, ta ƙara, ta sake ƙarawa, har ba wanda ya ji sunan da mai sanarwa ya kira. Mutanen da ke can bayan fili suka watse suna tambayar juna yadda aka yi Boɗinga ta cinye tseren bana.